Amsa ga mai tambaya: shin Girkawan da sun fi mu ilimi?

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko Girkawan zamanin da sun fi mutanen yau ilimi, tunda har yanzu ana karantar da lissafin Yuklid da mantiƙin Aristotal. Idan yawan abin da aka sani kake nufi, ɗalibin sakandare na yau ya fi su nesa ba kusa ba. Amma idan maganar kafa hujja ce, a ganina suna da abin da yawancinmu muka rasa.

Dubi Iratostinis, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na birnin Iskandariya da ke ƙasar Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya samu labarin cewa a garin Aswan da ke kudancin Masar, a ranar da wuni ya fi tsawo a shekara, idan rana ta take tsaka haskenta kan sauka har ƙasan rijiya. A Iskandariya kuwa, a daidai wannan lokaci, ya auna inuwa ya ga ta karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan da ke tsakanin garuruwan biyu sau 50, ya fitar da tsawon kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Mu da wayarmu ke nuna mana taswirar duniya a kullum, mutum nawa ne cikinmu zai iya bayyana yadda aka san girmanta?

Rauninsu shi ne sun fi yarda da tunani a kan gwaji. Aristotal ya ce abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa gwargwadon nauyinsa, kuma wannan ra'ayi ya yi rinjaye kusan shekara dubu biyu kafin Galileyo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rushe shi. Likitansu Jalinus ma ya yi kuskure kan tafiyar jini, har sai da likita Balarabe Ibnu Nafis ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu a ƙarni na 13, sannan Wiliyam Habi na Ingila ya bayyana zagayawarsa gaba ɗaya a 1628.

Kada kuma ka manta, Malam, cewa ilimin nan ya biyo ta Bagadaza, inda masana irin su Hunain ɗan Ishaƙ suka mayar da littattafan Girkawa cikin Larabci. Mantiƙin da malamanmu ke karantarwa a zaure ta wannan hanyar ya iso mana.

Wassalam.