Wasiƙa zuwa ga ɗana: ka je a auna jininka

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ƙanwarka ce ke rubutawa, ni nake faɗa, ka san halin hannun nan.

Tun da kuka zo kuka koma hankalina bai kwanta ba. Kwana uku ka yi a gidan nan, wayarka ba ta bar hannunka ba. Na ga tsawar da ka daka wa ƙaramar 'yarka don kawai ta taɓa kwamfutarka, na ga yadda ta laɓe a bayan uwarta. Kai ba ka gani ba, idonka na kan saƙon ofis. Mahaifiyarka ta ce in ƙyale ka, wai ka girma. Na yi shiru mako biyu, ya isa haka.

Kada ka ga laifin matarka, ba ƙararka ta kawo ba. Ni na matsa mata da tambaya har ta ce sai ƙarfe biyun dare kake kwanciya, ka tashi da ciwon kai, ka haɗiyi magani ka fice.

Bari in faɗa maka abin da likita ya faɗa mini ina kwance, bayan aikin gama ya gama. Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa na sakin wasu sinadarai, adiranalin da kotisol: zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini. Amfaninsu a tsere wa haɗari na ɗan lokaci, daga nan su sauka. To kai yaushe naka suke sauka, kana kwana da ofis a ka? Hawan jini kuwa ba ya sallama. Ranar da na faɗi, garau na fita daga gida.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa masa da kashi 35 cikin ɗari a kan mai yin awa 35 zuwa 40. Ka zauna ka lissafa naka, kada ka cuci kanka a lissafin.

Na san abin da kake cewa a ranka: ai Baba ma haka ya yi. Haka na yi. Ku bakwai ne, albashi ɗaya, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayani. Ban yi nadamar ɗawainiyarku ba. Amma ka ɗauka ban san yadda kuke watsewa ba da zarar kun ji takuna a ƙofa? Na sani sarai. Wurin da na ba ƙuruciyata kuma, kafin a sallame ni daga asibiti sun zaunar da wani a kujerata. Kai ne fa ka yi wata huɗu kana ɓalla mini maɓallin riga. Wane irin taurin kai ne zai sa ka ga wannan da idonka, sannan ka bi sawuna?

Ban ce ka bar aikinka ba, Allah ya yi masa albarka. Idan ogan naka ya jibga maka abu biyar, ka tambaye shi cikin ladabi wanne ne na farko. Ka kashe wayar nan da dare ka samu barcin awa bakwai. Ka riƙa taka ƙasa na rabin awa kullum. In ka iso ƙofar gida, ka dakata minti biyar ka sauke numfashi kafin ka shiga. Ka riƙa gaya wa matarka abin da ke cin ranka, ba ta kai ka rauni ba. Yarinyar nan kuma ka ɗauke ta ka rarrashe ta, ni ban iya hakan ba a lokacina.

Cikin makon nan ka je a auna jininka. In aka yi ta samun 140 bisa 90 ko sama, ka ga likita, ban da jinkiri. Ka kira ni ranar Juma'a ka faɗa mini lambobin da bakinka. In ban ji ka ba, zan sa ƙaninka ya kawo ni.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka