Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Laphroaig a Tsibirin Islay

Zuwa ga manaja da dukkan ma'aikata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a saboda tarbar da kuka yi mana ni da abokina, ranar da muka tsallako a jirgin ruwa daga Kennacraig muka zo ganin masana'antarku ta wiski a tsibirin Islay na Sikotilan.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ɗakin tsiro. Yawancin masana'antun wiski a Sikotilan sayen tsiron sha'ir suke yi, amma ku har yanzu kuna jiƙa wani kaso da kanku, ku baza shi a daɓe, ana juya shi don kada saiwoyin su sarƙe. Jagoranmu ta ɗebo hannu guda ta ce mu tauna. Daga nan ta kai mu bakin murhun da ake yi wa tsiron hayaƙi, ta miƙo mana curin baƙar ƙasar dausayi da kuke yankowa a Glenmachrie, tana da danshi, ga ragowar ciyayi a jikinta. Ta bayyana cewa hayaƙi ake nema a wurinta, shi ya sa ba a barin wutar ta yi harshe. Da ƙamshin ya buge ni, bandar kifi na tuna, sai dai wannan akwai gishirin teku a ciki.

A nan na fahimci dalilin da ya sa Laphroaig mai shekara 10 ta fi kwanta mini. Na san mutane da yawa sun fi son Lagavulin mai shekara 16 ta maƙwabtanku, don hayaƙinta ya fi laushi kuma tana da zaƙi-zaƙi. Wasu kuma Ardbeg ce tasu. Ni dai wannan ƙamshin magani da ciyawar teku, wanda ke korar wasu tun kurɓin farko, shi nake so. Da na ce wata wiskinku, Quarter Cask, mai ƙarfin barasa kashi 48, ta ɗan yi mini zaƙin itace da yawa, jagorar ba ta yi gardama ba. Ta ɗiga mini ruwa kaɗan a kofin, ta ce in sake gwadawa, kuma ko ban sauya ra'ayi ba babu laifi. Ban sauya ba, amma na ji daɗin yadda ta yabi wiskin maƙwabta ba tare da kishi ba.

Babbar godiyata a kan abokina ce. Musulmi ne, ba ya sha, ya rako ni ne don ganin tsibirin. Sau ɗaya ya faɗa, ba wanda ya sake miƙa masa kofi ko ya tambaye shi dalili. Aka kawo masa shayi, aka ci gaba da ba shi tarihin gidan kamar kowa: yadda 'yan'uwa biyu, Donald da Alexander Johnston, suka kafa shi a 1815, da yadda Bessie Williamson, wadda ta fara da aikin ofis, ta gaji masana'antar a 1954. Labarinta ya ja hankalinsa har ya fi ni yawan tambaya.

Ku miƙa gaisuwata ga masu aikin murhu musamman. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Naku,
Wani ɗan Jos mazaunin Gilasgo