Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da Ya Farfaɗo Mana da Tsohon Taragon Fasinja

Zuwa ga Manajan kamfani, da injiniyoyi, da kafintoci, da masu walda, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai masu adana tsofaffin taragun jirgin ƙasa. Kwamitinmu ne ya ga dacewar a buga ta a fili, domin kuɗin da aka yi aikin da shi na jama'a ne, kuma waɗanda suka bayar suna da haƙƙin sanin hannun da kuɗinsu ya shiga da irin riƙon da aka yi masa.

Duk wanda ya taɓa fita neman tallafi domin gyaran tsohon tarago ya san inda gizo ke saƙar. Mai bayarwa yana son abin da ido ke gani, wato fenti mai sheƙi da kujeru masu laushi da fitilun tagulla, alhali mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a wuraren da fasinja ba zai taɓa leƙawa ba: gindin ƙarfen da tarago ke zaune a kai, da ƙafafu, da birki, da rufi. Gudummawarku ta farko, wadda a ganina ta fi ragin da kuka yi mana daga baya daraja, ita ce rahoton binciken da kuka rubuta kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. Kun kasa aikin mataki-mataki, kowane mataki da ƙiyasinsa, kuka kuma faɗa mana ƙarara cewa rumfa da rufi su ne farko, fenti shi ne ƙarshe. Dalilinku ba ya buƙatar gardama. Rufin irin waɗannan taragu na katako ne da aka lulluɓe da kanfas aka shafe da fenti, kuma da zarar kanfas ɗin ya tsage, ruwa yakan bi ginshiƙai ya sauka ya kwanta a inda katako ya haɗu da ƙarfe, sai katakon ya ruɓe, ƙarfen kuma ya yi tsatsa ya kumbura ya ƙara buɗa haɗin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma taragon da aka gyara aka mayar da shi ƙarƙashin ruwa da rana, kuɗin gyaransa ya tafi a banza.

Da wannan rahoto muka fita neman kuɗi, kuma shi ya sauya yadda mutane ke amsa mana. Maimakon mu roƙi taimako a dunƙule, sai muka riƙa cewa ga taga guda, ga ƙofa guda, ga ginshiƙi guda, wa zai ɗauki nauyinsa. Wanda ba shi da ƙarfin taga sai ya haɗu da abokansa, mai hali kuma ya ɗauki sashen birki gaba ɗaya. Gidauniyar da ta ba mu tallafi mafi tsoka ta gindaya sharaɗin cewa sai mun kawo namu kason, ta kuma yarda a lissafa sa'o'in aikin sa-kai a cikinsa. A nan ma kun taka rawa, domin kun bar mambobinmu su shigo wurin aikinku su yi kankarar tsohon fenti da gugar katako a ƙarƙashin kulawar ma'aikatanku, kuka riƙa sa hannu a rajistar sa'o'in. Kamfanoni da yawa ba za su yarda da haka ba, tunda ɗan koyo yana rage saurin gwani, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Akwai ranar da kwamitinmu ba zai manta da ita ba. Bayan an cire allunan gefe, sai aka tarar ruɓewar ginshiƙan kusurwa ta wuce yadda aka ƙiyasta. Shugaban kafintocinku ya tsayar da aiki, ya sa aka kira mu, ya ɗauki sukudireba ya danna a gindin ginshiƙin da a ido lafiyarsa ƙalau, sai ga ta ta nutse har mariƙi, garin katako baƙi yana zuba a ƙasa. Bai ƙara kalma ba sai da kowannenmu ya gwada da hannunsa. Kashegari sabon ƙiyasi ya iso a rubuce, tare da hotuna, da bayanin abin da za a iya jinkirtawa domin cike giɓin. Waɗannan hotuna muka aika wa masu tallafa mana, kuma babu ko mutum ɗaya da ya janye, wasu ma ƙari suka yi.

Muna kuma yaba muku kan yadda kuka ƙi bin hanya mai sauƙi. Ya fi arha a fasa gangar jikin a sake sabuwa, amma abin da zai fito ba zai zama taragon da muke neman adanawa ba. Kafintocinku sun sa wa kowane allo lamba da alli kafin su cire shi, sun yanke ruɓaɓɓen sashe kawai suka dasa sabon katako a jikin tsohon, kuma mai fentinku ya kankare wani ɗan wuri a hankali, shafi bayan shafi, har ya kai ga launin asali da inuwar lambar taragon ta farko, sannan ya haɗa fenti daidai da shi.

A ɓangaren tsaro kuwa ba ku yi sassauci ba, ko da muka nuna damuwa kan lokaci. Taragu da yawa na tsakiyar ƙarni na 20 an cusa musu asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, domin kare zafi da sanyi, kuma ƙurarsa tana haddasa cutar huhu da ciwon daji waɗanda ba sa bayyana sai bayan shekaru masu yawa, shi ya sa kuka hana kowa taɓa bututun ɗumama ɗaki har sai da masu lasisin cire shi suka zo suka gama. Kun sa an gwada sandunan ƙafafu da na'urar da ke gano tsagewar da ke ɓoye a cikin ƙarfe, kun kwance birki kun sake haɗa shi. Wannan tsanani yana da tarihi. Injiniyan Amurka George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, amma sai da hatsarin Armagh na ƙasar Ailan ya ci rayuka 80 a 1889, lokacin da taragun da aka raba da kan jirgi suka gangaro da baya, sannan majalisar Birtaniya ta wajabta birki mai kama kansa a jiragen fasinja. Tarago ya tsufa ko bai tsufa ba, rayuka zai ɗauka.

Aikin da muke yi ba sabo ba ne a duniya. A 1951 'yan sa-kai suka karɓi layin dogo na Talyllyn a yankin Wales, wanda shi ne na farko da aka ceto ta wannan hanya, kuma taragunsa na shekarun 1860 suna nan ana amfani da su. A ɗaya gefen kuma akwai attajiri James Sherwood, wanda ya sayi taragu biyu a gwanjon Monte Carlo a 1977, ya bi sawun wasu a ƙasashen Turai, har ya maido da jirgin alfarma zuwa birnin Venice a 1982. Mu ba mu da aljihun Sherwood, hanyar mutanen Talyllyn muke bi, kuma masu bin wannan hanya ba sa kaiwa ko'ina sai sun dace da kamfanin da zai yarda a biya shi kashi-kashi gwargwadon yadda gudummawa ke shigowa. Kun yarda da hakan, kuma a watannin da asusunmu ya yi ƙasa ba ku fitar da taragon daga rumfarku ba, ba ku kuma caje mu kuɗin ajiya ba.

Muna roƙon ka isar da godiyarmu ga kowa da kowa, musamman matasan da ke koyon sana'a a wurinku, waɗanda suka yi haƙuri da tambayoyin dattawanmu. Ma'ajinmu zai wallafa cikakken lissafin shiga da fita tare da rasitanku, har da rarar kuɗin gilashin tagogi da kuka dawo mana da ita ba tare da mun tambaya ba. Sannan akwai tarago na biyu da har yanzu yake lulluɓe da tamfol, kuma kwamiti ya umarce ni in nemi injiniyanku ya sa mana ranar da zai zo ya duba shi, domin ba za mu buɗe sabon asusu ba sai rahotonku yana hannunmu.

Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka, Ya tsare ma'aikatanku a bakin aiki.

Naku cikin girmamawa,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti da dukkan mambobi.