Wasiƙa zuwa Agege

Bagobiri,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya haƙuri da iyayen gidanka Yarbawa? Ka gai da maman yara, ka ce mata yajin da ta aiko ya daɗe da ƙarewa. Ba roƙo nake ba, labari nake ba ta.

Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Na yi rajistar tseren gudun Legas na watan Fabrairu. E, ni ɗin nan da ka sani. Gama dariyarka, ina jira. Kada dai ka kai ni inda Allah bai kai ni ba, ba dogon zan shiga ba. Wancan kilomita 42 ne da ɗoriya, kuma tun da aka fara shi a 2016 'yan Kenya da Habasha ke raba kuɗin a tsakaninsu, 'yan Filato su kwashe na gida. Nawa na kilomita 10 ne. A shekarun baya masu dogon sun saba tashi daga filin wasa na Surulere su hau gadar Third Mainland, wadda ita kaɗai ta kusa kilomita 12. Ka ga gadar kawai ta fi tseren nawa gaba ɗaya. Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar masauki, ko ɗakin nan na ƙofar gida yana nan, ko ka cika shi da buhunan kaya.

Likita ne ya jawo. Ya auna jinina, ya dubi tumbin, ya ce ko in motsa jiki ko in fara shan ƙwaya kullum. Na fara da tafiya, tafiya ta koma sassarfa, yanzu ga inda muke. Da an sallame Asuba nake fita daga Runjin Sambo nan Sakkwato, wata rana in bi titi, wata rana in wuce filin wasa na Giginya in yi ta zagaye. Ka san garin nan, magidanci ba ya gudu sai da dalili. Ɗan kabu-kabu zai taka burki ya ce, "Alhaji lahiya? Mi af faru? Wa ak koro ka?" Majalisar mai shayi kuwa har suna sun raɗa mini, ba zan faɗa maka ba don na san halinka. Dogon wando nake sawa. Ranar da Liman ya gan ni da gajere, ranar zan bar sahun gaba.

A Giginya na haɗu da wani tsohon soja, Saje muke ce masa, shi ya ɗauke ni ɗalibi ba da ko sisi ba. Karatunsa ba yawa amma ba ya sassauci. Gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya, a maimaita, a riƙa rage tafiyar sannu a hankali. In kana gudu ba ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba, to ka yi sauri da yawa, rage. Kada abin da ka ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon baya, domin numfashi yakan riga gwiwa da ƙashin ƙauri sabawa, shi ya sa sabon shiga ke jin ƙarfi yau, gobe ya tashi yana ɗingishi. Ranar hutu kuma hutu ce, ko ƙafa na ƙaiƙayi.

Af, Ɗan Kaka ya ƙara aure. Wadda kake tunani ɗin ce. Goggo ta yi fushi ta tafi Wurno, aka bi ta da goro aka dawo da ita. Ya ce in gaya maka gudummawarka ba ta yafu ba.

To ga abin da ke hana ni barci, kuma kai ne za ka ba ni amsa. Yanzu hunturu muke ciki. Da safe sanyi, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, hanci ya cika da ƙura. Amma gudu a cikinsa daɗi gare shi, zufa na fitowa iska ta shanye, riga ko jiƙewa ba ta yi. Saje ya ce a nan haɗarin yake. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata, iskar Legas kuwa cike take da laimar teku, sai zufar ta yi ta tsiyaya a banza, jiki na ƙara zafi, zuciya na ƙara bugu. Na ce masa mu da muke shan zafin Afrilu, ma'auni ya haura 40, Legas ce za ta ba mu tsoro? Ya ce zafinmu na gashi ne, nasu na dambu, turara mutum yake yi. Na tuna zuwana bikin ƙanenka, yadda na fito wanka ban gama sa riga ba na sake jiƙewa, sai na yi shiru.

Dabarar da ya ba ni ita ce in riƙa yin wani gudun bayan La'asar don jiki ya san ɗumi, in iso Legas da 'yan kwanaki a hannu, in sha ruwa kaɗan-kaɗan ba ɗurawa ba, in haɗa da na gishiri da sukari, in kuma riƙa duba fitsari, in ya yi ja to ruwa ya yi ƙaranci. Uwargida ta ce fura ta wadatar. Kai dai gaya mini gaskiya, ƙarfe bakwai na safe a Fabrairu yaya garin yake? Ana samun iska ko tsit? Kada ka ce mini "ba komai", kai da ko matakalar gadar Oshodi sai ka huta a tsakiya.

Takalmi na samo a gwanjo, mai kyau. Da yamma na je gwaji don ƙafa takan ɗan kumbura, na bar wurin babban yatsa a gaba. Da shi nake fita yanzu, don dokar Saje ce ba a sa sabon abu ranar tsere, ko safa ce, ba a kuma cin abin da ciki bai sani ba. Saboda haka ka ajiye ewedunka sai na gama. Mai shayi ya ce ɓarnar kuɗi na yi, ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960. Gaskiya ne, amma shi mai faɗar ko butar shayi da silifa yake ɗaukowa.

Makon ƙarshe an ce in rage gudu in tara ƙarfi, ranar kuma in tsaya can baya, kada ɗokin taro ya ja ni in ƙone tun kilomita biyun farko. Burina in gama da ƙafata cikin awa ɗaya da rabi, ba a bayan motar asibiti ba. In ka zo kallo ka bar wayarka a aljihu, na san kai da majalisa kuna da zaure a WhatsApp.

Albasa ta fara shigowa kasuwa, in kana so in taho maka da buhu ka yi magana da wuri, kuɗin mota kuma naka ne.

Naka,
Mutumin Runjin Sambo