A ina makaranci zai ji labarin sabon littafi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in kawo wani koke da na daɗe ina juya shi a raina, wanda kuma na tabbata ba ni kaɗai yake damu ba. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma tun ina ɗan firamare ban san wani abin sha'awa da ya kai karatun littafi ba. Yanzu da na ajiye aiki, ga lokaci a hannuna fiye da kowane zamani na rayuwata, ga kuma ɗan abin da nake warewa daga fansho duk wata domin sayen littattafai, amma abin da ya fi ba ni wahala shi ne sanin wane littafi ne ya fito, wa ya rubuta shi, me ya ƙunsa, kuma a ina ake sayar da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini ziyara, ya zo mini da tsarabar wani littafin rubutattun waƙoƙi. Na zauna da shi kwana biyu ban ajiye ba, domin na daɗe ban ga waƙa mai tsabtar kari da amsa-amo irin wannan ba. Da na duba shafin farko sai na ga ashe an buga shi shekara uku da suka wuce, a garin da tafiyarsa ba ta kai awa biyu daga gidana ba. Na nemi a ƙaro mini kwafi domin in ba ɗakin karatun makarantar da na koyar, aka ce ai ya ƙare tuni, domin kaɗan aka buga, kuma an raba mafi yawansu ranar ƙaddamarwa. Shekara uku littafin yana duniya, ni kuma kullum ina sayen jarida ina sauraron rediyo, amma ko sau ɗaya ban ji an ambaci sunansa ba.

A da ba haka abin yake ba, ko da yake ba wata hukuma ce ta tsara shi ba. Duk wanda ya yi karatun littattafan Hausa a shekarun 1990 ya san cewa mai shagon hayar littafi shi ne ɗan jaridarmu na farko. Kana shiga zai ce maka littafi na biyu na labari kaza ya iso jiya, na uku kuma yana maɗaba'a, zai kuma faɗa maka wanda mutane suke rububi da wanda aka dawo masa da shi ba a ƙarasa ba. Matan aure da ke cikin gida suna aiko yara da littafin da suka gama, yaran su koma da sabo da kuma labarin abin da ke tafe. Su kansu littattafan suna ɗauke da labarin junansu, domin a shafukan ƙarshe ko a bayan bango marubuci yakan jera littattafansa da suka fito da waɗanda suke nan tafe, wani lokaci har da na abokan ƙungiyarsa, kamar yadda 'yan ƙungiyar Raina Kama ta Kano suka riƙa yi. Idan kuma mutum ya sami zuwa Kano, zagaye ɗaya a wajen masu sayar da littattafai ya isa ya nuna masa inda kasuwa ta nufa. Ba na cewa duk abin da aka buga a lokacin mai kyau ne, domin akwai tsaba akwai tsakuwa, amma dai makaranci ba ya zama cikin duhu.

Jaridu ma sun taka tasu rawar a lokacin. Na tuna muhawarar da aka yi ta yi a kan abin da Malam Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, inda shi da Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu da Malam Ibrahim Sheme da wasu da dama suka yi ta musayar ra'ayi a shafukan jaridu. Wasu na ganin littattafan soyayya gurɓata adabi suke yi, wasu na ganin su ne suka raya karatun Hausa a tsakanin matasa da mata. Mu da muke gefe mun amfana da wannan jayayya fiye da yadda masu yin ta suka sani, domin kowane ɓangare sai ya kawo misali daga wani littafi, mu kuma sai mu tafi neman littafin domin mu yanke wa kanmu hukunci. Littattafai da yawa da ke cikin durowata a yau, ta hanyar sukar da aka yi musu na san da su.

Idan aka ƙara komawa baya, za a ga cewa jaridar Hausa da littafin Hausa a gida ɗaya suka tashi. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka rubuta da boko, Hukumar Talifi ce ta shirya ta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a gasar, Alhaji Abubakar Imam, shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo lokacin da ta fara fitowa a Zariya a 1939. Daga nan aka sami Kamfanin Gaskiya, aka sami NORLA, wato hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, sannan Kamfanin Buga Littattafai na Arewa a 1966, duk a garin Zariya. Mutanen da suke rubuta labaran duniya su ne suke rubuta littattafai, su ne kuma suke gyara na wasu. Shi ya sa nake ganin idan jaridar Hausa ta juya wa littafi baya, to ɗan uwanta ta yasar.

Za a ce mini ai yanzu komai yana cikin waya, kuma gaskiya ne rubutun Hausa bai taɓa yawa kamar yau ba. 'Ya'yana mata suna karanta labarai a Wattpad da zaurukan WhatsApp da Telegram, inda marubuciya take sakin labarinta shafi-shafi, wani kyauta wani sai an biya. Na yi murna da wannan, domin yarinyar da ba ta da kuɗin maɗaba'a ta sami masu karatu ba tare da ta roƙi kowa ba. Sai dai abin da ke yawo a waya talla ne, kuma talla daban labari daban. Kowace sanarwa cewa take yi wannan labari ba a taɓa yin irinsa ba, wanda ya rasa shi ya yi asara, babu mai gaya maka tsawonsa, ko an kammala shi, ko marubucin ya san abin da yake magana a kai. Wanda kuma ba ya cikin zauren da aka saki labarin, ba zai taɓa sanin an yi shi ba. Ga shi abin da aka ajiye a intanet ba shi da tabbas. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen 2023. Jarida kuwa ana ɗaure ta a ajiye a ɗakunan karatu irin na Gidan Arewa da ke Kaduna da na jami'o'i, ɗalibin da zai zo bayan shekara talatin yana binciken adabin wannan zamani zai iya buɗe ta ya ga abin da aka rubuta.

Akwai kuma wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ba da rahoton ƙaddamar da littafi. Kusan wannan ne kaɗai lokacin da littafi yake shiga shafin labarai, kuma ko a nan ba shi ne ango ba. Za a faɗi wanda ya shugabanci taro, da babban baƙo, da wakilin mai martaba, da attajirin da ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan kaza, a jera hotunan manya a kan kujerun gaba. Mai karatu zai kai ƙarshen rahoton bai san ko littafin tarihi ba ne ko na fiƙihu ko ƙagaggen labari, bai san yawan shafukansa ba, bai san farashinsa na kasuwa ba, balle shagon da zai same shi. Sau da yawa ma an gayyaci masani ya yi bitar littafin a wajen taron, ya ɓata dare da rana yana shirya takardarsa, amma ba a ɗauko ko jimla ɗaya daga abin da ya ce ba. Da za a riƙa karɓar wannan takarda a taƙaita ta a buga, da rabin kokena ya kau ba tare da jarida ta kashe ko sisi ba.

Ban manta da masu ƙoƙari ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata da yawa waɗanda da ba mu san da su ba, kuma ana karanta labaransu a rediyo kowa ya ji. Bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021 ya haɗa marubuta da makaranta wuri guda. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya suna zaman karatu a wasu jihohi. Amma gasa da biki sau ɗaya suke zuwa a shekara, zaman karatu kuma sai wanda yake cikin gari, alhali littattafai kowane mako suke fitowa. Ko wace ce ta lashe gasa, bayan an gama tafi sai labarinta ya ɓace, ba wanda zai gaya mana ko ta ci gaba da rubutu, ko ta fitar da cikakken littafi.

A ƙa'ida akwai hukumar da ya kamata ta san duk littafin da aka buga a ƙasar nan. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, kuma a nan ne ake karɓar lambar shaidar littafi. Amma duk wanda ya san yadda ake buga littafin Hausa ya san cewa mafi yawan marubuta da kuɗin aljihunsu suke bugawa a ƙaramar maɗaba'a, su ɗauko kayansu a bayan mota su kai wa 'yan kasuwa, littattafai da yawa ba su da wannan lamba, wasu ko shekarar bugu ba a rubutawa. Saboda haka babu wata takarda ɗaya da mutum zai buɗe ya ga abin da aka wallafa da Hausa a bara.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, bai fi ƙarfin jaridarku ba. Ina roƙon a ware shafi guda kowane mako, a rana tsayayya wadda mai karatu zai sani ya jira, kuma kada ya zama shafin da ake fara cirewa idan talla ta yi yawa ko siyasa ta yi zafi. A gefe ɗaya na shafin a jera sababbin littattafan da suka iso ofishinku, kowanne da sunan marubuci, da maɗaba'a, da shekara, da yawan shafi, da farashi, da inda ake samu, da layi biyu ko uku da suke faɗin abin da ya ƙunsa. A haɗa da na takarda da na waya, a haɗa ƙagaggun labarai da waƙoƙi da tarihi da littattafan addini da na yara da fassara. Kada a karɓi kuɗin kowa a kan wannan jeri, sharaɗin kawai shi ne marubuci ya aiko da kwafi, domin ranar da aka fara biya, ranar ya zama talla.

Sauran shafin kuma a ba wa sharhi, kuma a nan ne nake so in ja hankali sosai. Sharhin da muke gani jefi-jefi yawanci aboki ne yake rubuta wa aboki, daga farko har ƙarshe jinjina da addu'a. Na san al'adarmu ta kunya da kara tana sa mutum ya ji nauyin faɗin aibin aikin wani a bainar jama'a, musamman idan marubucin ya girme shi ko malaminsa ne. Amma wanda zai cire kuɗin cefane ya sayi littafi a wannan tsadar takarda yana da haƙƙi a gaya masa gaskiya, cewa labarin ya yi ƙarfi a farko ya kwance a tsakiya, ko cewa an cika kurakuran ƙa'idojin rubutu, ko cewa marubucin tarihi bai faɗi inda ya samo bayanansa ba. Ana iya faɗin wannan cikin ladabi ba tare da cin mutunci ba, kuma marubuci na gaske zai fi amfana da shi fiye da yabo. Masu iya wannan aiki ba su yi ƙaranci ba, domin sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo cike suke da malamai da ɗalibai masu nazarin waɗannan littattafai, sai dai nazarin nasu yana ƙarewa a kundin digiri da ba ya fita daga kabad.

Ina kuma roƙon kada shafin ya tsaya a Kano da Kaduna. Ana rubutu a Sakkwato da Gusau da Azare da Jos, ana kuma buga littattafan Hausa a Jamhuriyar Nijar, inda ƙa'idar rubutunsu ta ɗan bambanta da tamu a wasu haruffa amma harshen ɗaya ne. Mai karatu a Katsina ya fi kusa da Maraɗi a kan Abuja, amma zai yi wuya ya iya ambatar littafi ɗaya da aka buga a can cikin shekarun nan. Wakilanku da suke aiko da labarin kasuwa da na siyasa daga waɗannan garuruwa za su iya leƙa shagon littattafai sau ɗaya a wata.

A nawa ɓangaren, ina da wani littafin rubutu da nake shigar da sunan duk littafin Hausa da na saya ko na ara tun farkon shekarun 1990, da sunan marubucinsa da inda na same shi. Idan aka buɗe wannan shafi, a shirye nake in aiko da kwafinsa, in kuma riƙa aiko da sharhin littafi ɗaya kowane wata ba tare da an biya ni ba. Zan fara da littafin waƙoƙin nan da ɗalibina ya kawo mini, ko Allah zai sa marubucin ya gani ya sake buga shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina.