Zuwa ga Yaya, daga Jidda

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Auta ya ce min ƙafar ta sake kumbura, don Allah a hana ta ɗaukar bokiti, ko da za ta yi faɗa. A gaida Kawu da Gwaggo, a gaida maman yara.

Na ji saƙon muryarka, sau uku na saurare shi. Ban amsa da murya ba don na san halinka: a tsakar gida kake buɗe saƙo, kowa na ji har kaji. Wannan magana kuwa daga ni sai kai, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka tambaya me ya sa abin da nake turowa ya ragu wata uku a jere, ko an rage min albashi ne, ko kuwa na yi amarya a Jidda. Babu ko ɗaya. Wata ƙofa ce na rufe da hannuna, kuma gara ka ji daga bakina.

A nan ba a cire wa ma'aikaci haraji daga albashinsa. Riyal 1,500 ɗina cif nake karɓa. Amma akwai abin da suke kira ɗariba, wadda ake ɗorawa a kan abin da ka saya da aikin da aka yi maka. A farkon 2018 aka fara ta, kashi 5 cikin ɗari, sai a watan Yulin 2020, ana tsakiyar korona, aka mayar da ita kashi 15. Shinkafa, sabulu, katin waya, duk sai ka biya. Mai shago shi ke karɓa a hannun mai saye, ya rubuta a fatura, wato rasit, daga baya ya miƙa wa hukuma. Ka ga ke nan kuɗin ba na mai shago ba ne, ajiya ce a hannunsa.

Shagonmu na gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sunan wani ɗan ƙasa ne a takarda, amma sau ɗaya muke ganinsa a wata, ya zo ya karɓi nasa ya tafi. Mai juya shagon baƙo ne irina. Wannan ma laifi ne mai zaman kansa, tasattur suke ce masa, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, amma wannan tsakaninsu ne, ni ɗan aiki ne. Mai juya shagon ne ya koya min abin da zan faɗa maka. In aiki na riyal 200 ne, sai a ce wa mai kaya 230 har da ɗariba. In ya fito da kati, sai a ce shabaka, wato netwok, ba ta aiki yau, a kawo tsaba. In ya ba da tsaba bai nemi fatura ba, shi ke nan, aikin bai shiga kwamfuta ba, talatin ɗin kuma mu raba biyu. Wanda muka ga idonsa a buɗe yake, mai iya ɗora waya a kan lambar da ke jikin fatura ya duba, shi ba ma wasa da shi, a take ake buga masa ta gaskiya. Tsofaffi da baƙi da masu sauri su ne abincinmu. Wata bakwai ina cikin wannan, kuma wallahi barcina nake yi lafiya. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne abin da na san kai ma za ka faɗa: ƙasar da ke da rijiyoyin mai, riyal sha biyar ɗina ne zai rage ta?

Sai ranar da aka tura ni wata unguwa da 'yan uwanmu suke da yawa. Gidan wata tsohuwa ce Bahaushiya, a nan aka haife ta, kakanninta ne suka zo Hajji da ƙafa ta Sudan ba su koma ba. Hausarta irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci, ba ta taɓa ganin Kano ba amma sai da ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Ɗaki ɗaya ne, mukayyif ɗin irin na taga, ya tsufa har ya yi tsatsa, ga jikokinta biyu kwance a tabarma gumi ya jiƙa su. Zafin Jidda ba irin namu ba ne Yaya, ga zafi ga laimar teku, riga sai ta manne maka a baya. Na sauke shi na wanke, na canja masa kafasita, na ƙara gas. Da ya fara hura sanyi sai ta ɗaga hannu tana sa min albarka, ta kawo min shayi da dabino uku a faranti.

Na ce ɗari biyu ne, Hajiya. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da kuɗi a nannaɗe, 'yan goma-goma da biyar-biyar duk sun yi laushi, irin na mai sayar da gyaɗa da ƙosai a bakin titi. Ta ƙirga ɗari biyu sau biyu. Ita da bakinta ta ce, “Ɗariba fa, ɗana?” Da na yi shiru da ya wuce. Sai na ji bakina ya ce talatin. Ta sake kwance ƙullin, ta haɗa da 'yan riyal ɗai-ɗai har ya cika, ta ce, “To, haƙƙin hukuma ne, ba a cin sa.” Na karɓa na sa a aljihu, dabinonta yana bakina.

A mota ina dawowa ba malami na tuna ba, kai na tuna. Ka san yaran nan masu tsayawa a bakin kasuwarmu ranar Lahadi, su karɓi kuɗin tikiti a kan buhun da ka kawo, su ƙi yanka maka rasit, ko su ba ka wanda aka riga aka yi amfani da shi. Sau nawa ka dawo gida kana cewa Allah ya isa? Ba ka taɓa cewa ƙaramar hukuma suka cuta ba, cewa kake kai suka cuta. To ni ne yaron nan, sai dai ni da rigar aiki da akwatin sifana.

Na san za ka kawo min zancen Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake ba mu labarin kora shanu cikin dawa da asuba in an ji masu ƙirgar jangali sun sauka a gidan dagaci, da yadda aka yi ta murna a 1979 da Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Ni ma da wannan labarin na girma, kuma shi ya sa a wurinmu kauce wa haraji bai taɓa zama abin kunya ba, wayo ne. Amma Baba shanunsa ya ɓoye. Bai taɓa zuwa rugar wani ya ce shi wakilin sarki ne a ba shi jangali ya sa a aljihu ba.

Na kai maganar wurin wani malami ɗan Nijar da muke sallar isha'i tare. Abokin ɗakina ya bi ni, shi ra'ayinsa duk abin da ba zakka ba zalunci ne, wanda ya kauce masa bai yi laifi ba. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce malamai sun daɗe suna magana a kan abin da hukuma ke karɓa bayan zakka, akwai masu tsanantawa akwai masu halattawa in don amfanin jama'a ne, kuma ba a daren nan za mu raba wannan gardama ba. Sai ya juyo gare ni ya ce tambaya ɗaya zai yi: talatin ɗin nan, in ɗariba halal ce na wa ne? Na ce na hukuma. In haram ce fa? Na ce na tsohuwa. Ya ce to a ina ka shigo? Ya karanto hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ya ɗauki takalminsa.

Kada ka ɗauka na zama waliyyi. Ranar Juma'a bayan la'asar har yanzu ina zagayawa gidaje ina wanke mukayyif, riyal 50 kowanne, tsaba a hannu, babu wanda ya sani sai wanda na yi wa. Dokar iƙama, wato takardar izinin zama, ta hana ka yi wa kowa aiki in ba kafilinka ba, wato wanda ya ɗauke ka aiki, in aka kama ni tara ce da tsarewa, daga nan sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi. Kuɗin ma ba na iya turo shi ta banki, don in abin da kake turawa ya fi albashinka ana iya tambayarka daga ina, shi ya sa kake ganin yana shigo maka daga 'yan canjin Wapa. Na san na sa hannu a takarda na yarda da dokar ƙasar mutane, kuma alƙawari kaya ne. Wani lokaci abin yana damuna. Amma in na auna, gumina ne, an yi ciniki an yarda, ban ce wa kowa kuɗin na wani ne ba. Ga shi kuma doka ta ce mai ɗaukar aiki shi zai biya kuɗin sabunta iƙama, amma kowace shekara daga jikina ake yankar rabi, in na yi magana a nuna min ƙofa. Iyali kuwa, kowane mutum ɗaya da ka ajiye riyal 400 ne a wata, maman yara da yara uku 1,600 ke nan, ya haura albashina gaba ɗaya. Wannan ne ya sa shekara huɗu ina kallon 'ya'yana suna girma a waya. Ban ce wannan ya wanke ni ba. Abin da dai na gyara, na daina ɗibar gas ɗin shago ina aikin kaina da shi, na kuma daina ba masu zuwa shago lambata a ɓoye. Sauran ina nan ina kokawa da shi.

Da na ce wa mai juya shagon na fita daga rabon, dariya ya yi, yanzu Shehi yake kirana. Ya ɗauke ni daga kan kanta ya mayar da ni hawa rufin gidaje da tsakar rana, ya sa wani yaro a wurina. Ban kai ƙararsa ba, kuma ba zan ɓoye maka dalili ba: in aka rufe shagon, iƙamata ce za ta fara lilo.

Na koma wurin tsohuwar da talatin ɗinta. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, sai na ce kuskure aka yi a lissafi. Ta dube ni ta ɗan jima, ta karɓa, ta ce in zauna in sha shayi. Ban san ko ta gane ba. Sauran mutanen ba ni da hanyar samunsu. Na lissafa rabona na wata bakwai ya kama wajen riyal 2,400, malam ya ce tunda ba ni da hanyar mayarwa in fitar da shi sadaka ba da niyyar lada a gare ni ba, in yi ta istigfari. Ina cire 200 duk wata. Ka haɗa da kusan 350 da suka daina shigowa, ka ga inda giɓin ya fito.

Saboda haka kwanon ɗakin Inna ba zai samu kafin damina ba kamar yadda na yi alƙawari, sai dai bayanta. Abin da na turo makon jiya a sayi leda mai kauri a rufe gefen da ke yoyo, ragowar a biya kuɗin makarantar yara, kada a taɓa shi da sunan biki ko na wa ne. In Inna ta tambaya ka ce aiki ne ya yi sauƙi, kada ka karanta mata wannan. Akwai mai tahowa Kano bayan Umara, na ba shi dabino kilo biyu da man zafi na ƙafarta, zai kira ka in ya sauka. Ka turo min awon ƙafar Auta, takalmin da na saya masa ina jin ya yi kaɗan.

Ka sa ni a addu'a. Wassalam.

Ƙaninka,
daga Jidda