Godiya Ga Maƙeran Da Suka Yi Wa Motata Madigadin Ƙarfe

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ga maigidan shago da yaransa baki ɗaya. Ranar da na zo ɗaukar mota na so in tsaya in yi godiya yadda ya kamata, sai na tarar kowa ya rufe fuska da gilashin walda, injin yanka na ta ƙara, sallamata ma da kyar aka ji. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, kowa ya gani.

Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce, rabin rayuwata a hanyar da babu kwalta take. Hilux ɗina da taya 265/65 R17 ta zo, na sauya mata 285/70 R17, wadda ta fi ta faɗi da milimita 20, ta kuma fi ta tsayi da wajen santimita 5, na haɗa da rim masu turo taya waje. Mota ta daina kafewa, amma taya ta leƙo daga bodi kusan yatsa uku. Duk tsakuwar da ta taka sai ta watso ta jikin ƙofa, kafin wata shida fentin ya koma kamar fuskar mai zanzana. In damina ce kuwa, taɓo har madubin gefe.

Don maganin haka, na fara da madigadin roba, wato murfin da ke rufe saman taya, irin wanda ake mannawa da gam a ɗaure da 'yan kusoshi. Rana ta gasa shi ya yi fari, wani reshe ya taɓa na gaba ya tsage kamar ƙwarya. Sai aka kwatanta mini wani mai walda, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Bawan Allah nan ko tef bai ɗauko ba. Ya kalli motar da ido, ya ce in dawo jibi. Jibin nan sai da ya zama mako uku, in na kira waya a ce oga ya fita sayo kaya. Da na karɓo, ashe a jikin bodin ya kama ƙarfen da wuta, ya ja walda tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa, zafi ya lanƙwasa bodin, ya shafe ɓarnar da foti, wato cikon da ake toshe lotsewar bodi da shi, ya fesa fenti. Ramin farko da na faɗa, taya ta daki bakin ƙarfen ta yanke. Sabuwar taya! Da na koma, cewa ya yi tuƙina ne.

Da wannan zuciya na shigo wurinku, a shirye nake da faɗa. Sai dattijon nan da kuke kira Baba ya fito yana goge hannu. Na tambaye shi kuɗin aiki, ya ce, "Malam, bari mu ji ta bakin motar tukuna." Ya sa aka hau da taya ɗaya kan wani tudun ƙarfe har sifirin ya danne iya dannuwa, yaro ya juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, shi kuma yana durƙushe da alli yana zana duk inda taya ke kusantar bodi. Daga nan ya yanko kwali yana gwadawa yana ragewa da almakashi, kowane gefe da nasa. Na ce ai hagu da dama ɗaya ne. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan bodin, ya ce in shafa. Wallahi sai a lokacin na ji irin lanƙwasar da wancan ya bar mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na ce a yi mini da ƙarfe mai kaurin milimita 3, wanda ya fi tsada, ya ƙi. Ya ce ƙarfen bodin mota ko milimita 1 bai kai ba, in madigadi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ranar da na goga dutse madigadin zai tsira, bodin ne zai yage. Ya ba ni shawarar mai milimita 2, a ɗaure shi da noti, yadda in ɗaya ya lotse za a kwance shi kaɗai a buga. Tun da nake kai mota gyara ban taɓa ganin wanda na miƙa wa kuɗi ya ce in rage ba.

Kwana biyu da barin motar, yaron shagon ya turo mini hoto ta WhatsApp. Sun kankare fotin sun tarar tsatsa ta fara cin bodin, yana tambaya ko a gyara kafin a ci gaba. Da sun rufe abinsu sun yi shiru, sai bayan shekara zan sani. Sauran aikin kuwa ya tafi yadda aka ce. Walda ɗigo-ɗigo ana barin ƙarfe ya huce, bakin an naɗe shi ba kaifi, an bar 'yan ƙofofin da ruwa zai tsiyaye, an sa roba tsakanin madigadi da bodi, kowane huji an shafa masa fentin hana tsatsa kafin noti ya shiga. An yi jinkirin kwana ɗaya wajen gasa fenti, kuma ku kuka fara kirana.

To, me ya hana sauran yin haka? Kwali da alli fa, ba wani injin ƙasar waje ba. Yanzu ka kai aiki wuri, yaron da bai shekara da riƙe walda ba ya buɗe shago, ba ya awo, ba ya cewa bai iya ba, komai "an gama, Alhaji". Ya karɓi kuɗin kaya ya yi wa wani aiki da su. Foti ya zama maganin kowace ɓarna, fenti ya zama mayafi. Mu masu mota ma da namu laifin, araha muke bi, mun manta ba ta ado, sai mun biya sau biyu mu dawo muna kuka, kamar yadda na yi.

Wata huɗu ke nan, na ratsa damina guda, jiya na leƙa ƙarƙashi da tocila ban ga ɗigon tsatsa ba, notin ma ko ɗaya bai saki ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a sana'a. A gaya wa yaron nan ya mance sifana mai lamba 13 a ƙarƙashin kujerar baya, tana wurina, zan taho da ita ranar da zan kawo motar a duba mini bamban baya.

Naku,
Mai farar Hilux